Tubali a Tsaye

A gidanmu babu abin da ya kai hannun dama na Yayana gata. Tun muna yara mahaifiyarmu ba ta barinsa ya faskara itace ko ya ja guga, ni ake turawa. In na yi gunaguni sai ta ce, "Kai hannunka na duka ne, nasa na allura ne." Ba ta yi ƙarya ba. Yaya ya tashi maɗinkin manyan riguna, irin wanda zai zauna a tabarma wata biyu yana fitar da aska takwas a ƙirjin riga ɗaya, mutane suna tahowa daga unguwannin Mesa da Ekudu don su kalla kawai. Ni kuwa na tashi makaniki, na kuma tashi mafaɗaci. Kafin in yi aure na karya hancin mutum biyu a unguwarmu ta Birik, direba ɗaya, mahauci ɗaya, kuma har gobe ina ganin mahaucin shi ya nema.

Shagon Yaya da garejina bango ɗaya ya raba su, a kan gangaren da ke sauka wajen kasuwar Mokolo. Gareji dai sunansa gareji, amma fili ne na jar ƙasa da rumfar kwano da tsohon duro na ruwa. Lokacin hoton shugaban farko yana rataye a kowane shago, jirgin ƙasa kuma bai kai Ngaundare ba tukuna, duk mai son arewa sai ya sha taɓo.

Surukina yana cikin masu shan taɓon nan. Fatun dabbobi yake saye a ƙauyukan hanyar Yoko, yana da wata jif mai jan ƙafa huɗu, irin wadda muke ce wa kat-kat. Duk damina sai cikinta ya kafe a ramin da manyan motocin katako suka haƙa, ya kwana biyu a daji fatunsa suna ruɓewa. Rannan ya dawo daga Duwala da wani akwatin katako, aka sauke a garejina. Da na ɓalle murfin na ga sababbin lam guda huɗu, wato ƙarafan nan masu lanƙwasa da mota ke zaune a kansu, amma waɗannan sun fi na jikinta lanƙwasa nesa ba kusa ba. Ga dogayen marataya, ga bulon, wato kusoshin ƙarfe masu noti, sababbi fil a cikin takarda mai maiƙo. Babu walda, babu yanka. Ka kwance tsoho ka ɗaura sabo, mota ta tashi sama da kusan taƙi guda. Akwai takarda da hotuna, a hoton farko an ɗora motar a kan ƙafafun ƙarfe masu yatsu uku. Na yi dariya na goge hannu da ita. A Birik wa ya taɓa ganin ƙafar ƙarfe? Mu a kan tubali muke ɗora mota, jan tubalin nan na tsohon gidan gashin tubali da unguwar ta samo sunanta na Birik daga gare shi.

Sai na faɗi yadda muke da surukina, in ba haka ba ba za a gane haukan da na yi ba. Ban taɓa kallon idonsa ba. In na hango shi a lungu sai in sauya lungu. In ba makawa, na tuɓe takalmi na durƙusa na gaishe shi ina kallon ƙasa, shi ma yana amsawa yana kallon wani wuri. Shekara huɗu ina auren 'yarsa, ina gyara motarsa, amma maganar da ta wuce gaisuwa ba ta taɓa shiga tsakaninmu ba. Duk abin da zan faɗa masa Yaya nake gaya wa, Yaya ya ajiye allura ya taka ya kai, ya dawo mini da amsa, ko da kuwa muna tsaye a fili ɗaya.

Yaya kuma ba ya kai saƙo sai ya wanke shi. Akwai ranar da Alhaji, surukin nawa, ya sayo wani mataccen batir, na ce, "Gaya masa wanda ya sayar masa da wannan makaho ya ɗauke shi." Ina ji Yaya ya je ya russuna ya ce, "Baba, ya ce batirin ya ɗan gaji." Mun sha dariyar wannan, ni da matata. Takan ce ba don Yaya ba da tuni an kore ni daga dangi.

Ranar da za a fara aikin na sauka Mokolo da sassafe in samo kananzir da zan jiƙa tsofaffin bulon, don tsatsa ta cinye su. An kwana ana ruwa. Ina dawowa na tarar Alhaji ya riga ni. Ya tuɓe babbar riga ya rataye, ya sa kirik, wato jak, ya ɗaga motar kusurwa bayan kusurwa, ya jera mata tubali da hannunsa, ya cire tayoyi huɗun ya jingine. Yana tsaye yana kakkaɓe hannu, fuskarsa cike da fara'a. Mutumin nan da ƙuruciyarsa a gidan gashin tubali ya yi aiki kafin ya shiga fatu, kuma kowa a Birik ya san ba a koya masa tubali.

Na zagaya motar ina dubawa. Aikin da muka saba, sahu huɗu na tubali a kwance ya isa. Wannan kuwa sai an ɗaga ta sosai, don sabon lam ya samu wurin shiga, sahu bakwai take so a kowace kusurwa. Tubalin da ke garejin bai kai ba. Gaba ya jera daidai, a kwance, har da katako a sama. Da ya zo baya tubali ya ƙare masa, sai ya tsayar da su a kan gajeren gefensu don su yi tsawo, biyu a kan biyu, babu katako, ƙarfen shasi, ƙashin bayan motar, yana zaune a kan gefen tubali tsirara. Tubalin kuma ya sha ruwa har ya yi duhu.

Taku huɗu ne tsakanina da shi. Na buɗe baki, na rufe. Na juya na shiga shagon Yaya, na same shi da wata farar shadda a cinya, yana cikin zagaye tambari.

"Yaya, tashi ka gaya wa tsohon nan tubalin baya ba su yi ba. A tsaye ya sa su, kuma jiƙaƙƙu ne. In na buga guduma za su fashe, za ta kashe mutum."

"Dusuma, a hankali, Makaniki, zai ji ka."

"Ya ji mana! Yaya, wannan kada ka wanke shi. Yadda na faɗa haka za ka kai."

Ya soke allurar a jikin rigar ya ce, "To."

Na tsaya a bakin shago ina kallo. Ya je ya durƙusa, ya yi magana ƙasa ƙasa. Alhaji ya dubi tubalin, ya gyaɗa kai, ya yi murmushi, ya ce wani abu. Yaya ya dawo bai dube ni ba.

"Ya ce ya ji. Ya ce a yi bisimilla a fara."

Jini ya hau mini ka. Wato an gaya masa, ya yi murmushi, don shi ne sarkin tubali. Na ce a raina, shi ke nan, in ta faɗo ta murƙushe ni, ai 'yarsa ce za ta yi takaba. Da zan iya cewa ba zan shiga ba. Da zan iya sa kirik in sake jerawa, amma wannan daidai yake da in tsaya a gabansa in ce bai iya ba. Na ɗauki guduma na shiga ƙarƙashin motar da fushi, kuma duk makaniki ya san ba a shiga ƙarƙashin mota da fushi.

Na huce a kan ƙarfe. Tsofaffin bulon sun ƙi kwancewa, na zuba kananzir, na sa kile, wato sifana, na ɗora masa bututu na taka da ƙafa, biyu suka karye, ɗaya na sare shi da kurfi. Lam na farko da ya saki ya yi tsalle ya tsaga mini haɓa, jini ya sauko cikin rigata, ban ko goge ba. Kafin azahar na gama gaba biyu. Bayan salla na ɗaura na baya na dama. Duk bugun da na yi, ina jin garin tubali yana zubowa kusa da kunnena. Alhaji yana zaune a benci a inuwar rumfa yana jan carbi, yana kallon motarsa tana tashi.

Saura ɗaya, na baya na hagu. Shi ne ya ƙi. Na ɗaura kansa na gaba, amma ƙarshensa na baya ya ƙi zuwa saitin ramin maratayin, saura kamar faɗin yatsa. Dole in danne shi da dogon ƙarfe da hannu ɗaya in buga da ɗayan, wani kuma ya tura bulon daidai lokacin da ramukan suka haɗu. Na leƙa ko zan ga wani a hanya. Sai na ga ƙafafun Alhaji sun taso. Ya naɗe wando, yana shirin durƙusawa a cikin taɓo, kafaɗa da kafaɗa da mijin 'yarsa.

Yaya ya fito da gudu daga shago. "Haba Baba, haba! Muna raye? Kawo, ni zan tura."

Ya karɓi bulon daga hannunsa. Ina ganin zare fari a maƙale a hannun rigarsa. Na ce, "Yaya, koma shago." Ya ce, "Yi sauri dai, Makaniki, ina da aiki." Ya durƙusa a gefe, ya zura hannun dama tsakanin shasi da lam, ya saita bulon a bakin ramin.

Na danna ƙarfe. Na ɗaga guduma. Bugu ɗaya, ramukan suka matso. Bugu na biyu na ji ƙara kamar an fasa tulu.

Tubalin hagu ya tarwatse, motar ta zame ta tafi da na daman, duk bayanta ya sauko. Ni ƙafafuna suna waje, kaina yana cikin ramin da taya ke zama, shi ya sa nake ba da labari. Ƙarfen da nake dannawa ya buge ni a haƙarƙari ya jefar da ni. Da na ɗago, Yaya yana kwance da fuskarsa a taɓo, hannunsa ya ɓace a tsakanin ƙarafa biyu har wuyan hannu. Bai yi ihu ba. Bakinsa a buɗe, ƙafafunsa suna shure-shure, yana kartar ƙasa da hannun hagu.

Kirik ɗin yana ƙarƙashin motar, ya lanƙwashe. Ihuna ne ya tara mutane. Mahauta suka bar teburansu, masu tsire suka bar wuta, aka kama bayan kat-kat mutum wajen goma, wani yana ƙirga, "An, de, turwa!" Ta ɗaga. Na ja Yaya ta hammata. Abin da ya fito a ƙarshen hannun nan ban san sunansa ba. Babban yatsa yana lilo a jikin fata, manuni da na tsakiya sun baje, farin ƙashi a waje, jini yana tsartuwa yana haɗuwa da jar ƙasa har ba ka bambance su.

A nan ya kamata in cire rigata in ɗaure masa hannu in ɗauke shi. Ban yi ba. Na saki ɗan'uwana a ƙasa na miƙe na nufi surukina.

Yana tsaye ya dafe kai. Na shaƙe shi da wuyan taguwa, a karo na farko na kalli cikin idonsa. Na kwaɗa masa mari, hularsa ta faɗa cikin duro. Na ƙara masa naushi a baki. Ya faɗi a kan bencin, bencin ya karye, na bi shi na hau ruwan cikinsa ina dukansa ina ihu, "An gaya maka! An gaya maka za su fashe! Ka yi dariya! An gaya maka ko ba a gaya maka ba?"

Bai kare fuskarsa ba. Ya juya kai ya dubi inda Yaya ke kwance, ya daɗe yana kallo, sannan ya rufe ido bai ce komai ba.

Mahaucin da na taɓa karya wa hanci ne ya ɓamɓare ni daga kansa, kuma ya samu damar da ya daɗe yana jira. Na kuɓuce na ɗauki guduma, mutane suka watse. Na fasa gilashin gaban motar, na fasa fitilu biyu, na lotsa ƙofa, ina bugu ina kuka. Wani ya rafka mini itacen wuta a ƙeya, na faɗi, suka taru a kaina da ƙafa da hannu. Ina jin wata tsohuwa tana cewa, "Ku kashe la'ananne, ya daki surukinsa!" Ban ga laifinsu ba. A Birik an ga wanda ya soki abokinsa da wuƙa, amma ba a taɓa ganin wanda ya mari uban matarsa ba.

Da na farfaɗo filin ya yi tsit. Aka ce an ɗora Yaya a amalanken wani mai turawa daga Mokolo, yana gudu yana ihun a ba shi hanya, "Komot fo rod!" Aka ce Alhaji ne ya yage taguwarsa ya ɗaure hannun, kuma shi ya bi amalanken da gudu har asibiti, babu hula, babu takalmi, haƙoransa biyu sun zube. Ni ƙanin Yaya ina kwance a cikin gilashi.

Yatsu uku suka cire, babba da manuni da na tsakiya. Da mahaifiyarmu ta ga abin da ya rage ta zauna a ƙasan ɗakin, ba ta dube ni ba, kuma ta daɗe kafin ta sake dubana.

Na jira a zo a kama ni, ba a zo ba. Na jira a zo a tafi da matata, ba a zo ba. Ta yi wata guda tana ajiye mini abinci ba magana. Dattawan unguwa suka ce in je in durƙusa in nemi gafara, na ce sai dai shi ya zo ya nemi ta Yaya. Alhaji ya aiko aka ja motar, wani makaniki a Mesa ya tura bulon ɗin da ya rage. Nakan hango ta tana wucewa, doguwa, ta fi duk motocin unguwa tsayi, an ce ba ta ƙara kafewa a hanyar Yoko ba. In na hango shi a lungu yanzu ba na sauya hanya, sai in wuce shi da takalmina ina kallon gabana. Shekara shida muna haka har ya rasu. Na bi gawarsa don idon mutane, na tsaya a sahun baya.

Yaya ya koma shago, amma aska takwas ta ƙare. Ya koya wa hannun hagu kalmasa da ɗinkin hula mai sauƙi, irin wanda da can yake ba almajiran ɗinki. Abu ɗaya ya gagare shi, zura zare a allura. Don haka kullum da safe kafin in buɗe gareji nakan shiga in zura masa allura goma in soke su a jikin matashi, da waɗannan yatsun nawa masu baƙin mai. Farar shaddar nan tana nan a ninke a saman kabad, tambarinta rabi, allurar tana inda ya soke ta.

Washegarin sadakar bakwai ta Alhaji na shiga kamar kullum. Ina kan allura ta biyar na ce, don in cika shiru, "Allah ya jiƙansa dai. Amma da ya ji magana da yanzu kana kan rigunanka."

Yaya ya murza dungulmin hannunsa a gwiwa.

"Bai ji ba," in ji shi.

"Ai shi na ce. Taurin kai."

"A'a. Bai ji ba, don ban faɗa ba. Ce masa na yi, ka ce sannu da aiki, tubali ya yi kyau. Ya ce Allah ya yi maka albarka."

Zaren ya kuɓuce mini. Na tuna yadda Alhaji ya juya kai ya dubi Yaya ina kan cikinsa, ya rufe ido. A lokacin ya gane Yaya bai kai saƙon ba. Shekara shida yana da kalma ɗaya da za ta wanke shi a gaban unguwa, ya riƙe ta don kada ya ɗora wa mai yatsu biyu wani nauyin.

Na ji hannuna ya dunƙule da kansa. Na ce, "Yaya, na ce kada ka wanke. Na roƙe ka. Me ya sa?"

Ya ɗago ya dube ni, babu faɗa a muryarsa.

"Ta yaya zan kalli dattijo, a gaban motarsa, in ce masa bai iya tubali ba? Kai da ka gani da idonka, taku huɗu ne tsakaninku, ka iya?"

Na buɗe hannun. Babu wanda zan daka. Ya turo mini matashin da gwiwarsa ya ce saura shida, na sunkuya na nemi bakin zaren a kan tabarma, na kasa ganin ramin allurar.